Wa Ya Zaɓa Maka Abokin Benci?

Duk zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban firamare, hirarsa ɗaya ce: da can an ji daɗi. A tuna ƙararrawar da aka yi da tsohon ƙarfen tayar mota, a tuna ƙosan bakin makaranta, a tuna kalankuwa bayan an kai amfanin gona gida. Amma akasarin masu wannan hira, 'ya'yansu suna makarantun kuɗi. Tambayar da ta dame ni ita ce: mene ne ainihin abin da muke kewa, kuma akwai wani haƙƙi da wannan kewar ta ɗora mana?

A ganina, abin da muke kewa shi ne zama da mutanen da ba mu zaɓa ba. A firamaren garinmu, unguwa ce ke haɗa aji. Ɗan hakimi, ɗan mahauci da ɗan maƙeri benci ɗaya suke hawa, bulala ɗaya suke sha idan sun makara. Da asuba ma tabarma ɗaya suke zama a makarantar allo. Haka kalankuwa take. Samari da 'yanmatan ƙauyukan kewaye su hallara, ana kiɗa, ana dambe da kokawa, masu rake da alewa suna ciniki. A cikin wasan akan naɗa gwamna, alƙali da 'yan sanda daga cikin samari, sai ka ga ɗan talaka ya yanke wa ɗan mai kuɗi tara, kuma ya biya ana dariya. Yaro ya tashi da sanin cewa matsayi riga ce, ana iya sa wa wani, ana iya tuɓewa.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta, kuma babban abin da ake nema a wannan sana'a shi ne a ba mutum abin da yake so, a kau da abin da ba ya so. Haka Facebook da TikTok suke aiki: suna lura da abin da ka tsaya kallo, su ƙaro maka irinsa. Makarantar kuɗi ma tacewa take yi, kuɗin zango ne rariyarta. Sakamakon shi ne yaro zai iya gama sakandare bai taɓa raba abincin tara da ɗan da ya zo babu takalmi ba. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Wanda bai taɓa zama da wanda ya bambanta da shi ba, ina zai koyi saɓawa, balle shiryawa? Tausayi ba a karanta shi a littafi kawai. Sai ka san sunan mutum da ƙofar gidansu kafin wahalarsa ta hana ka barci.

Sai dai a yi hattara da tunanin baya. Fayil ɗin da ka adana a kwamfuta yadda ka ajiye shi haka za ka same shi, amma zuciya takan gyara labari duk lokacin da ta ɗauko shi. Takan manta da 'yanmatan da ke tsaye a bakin taga da farantin talla alhali mu muna ciki. Takan manta da azuzuwan da iska ta yaye wa rufi. An ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, aka sake da UBE a 1999, amma duk da haka asusun UNICEF ya taɓa ƙiyasta yaran Nijeriya da ba sa zuwa makaranta da kimanin miliyan 10.5, mafi yawansu a Arewa. Bencin nan tun asali bai ɗauki kowa ba.

Don haka ban ga laifin uban da ya nema wa ɗansa makaranta mai inganci ba. Amana ce a wuyansa. Inda gizo ke saƙar shi ne, duk wanda ya cire ɗansa daga makarantar unguwa, yakan tafi da bakinsa da idonsa. Waɗanda suka iya rubuta takardar koke, suka san ƙofar sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, su ne suka fara ficewa. Aka bar makarantar ga iyayen da ba a jin muryarsu.

Nan kewa ke zama bashi. Idan har da gaske ne ɗa na kowa ne, to wanda makarantar unguwa ta raina yana da kujera a kwamitin kula da ita, ko da ɗansa ba ya ciki. Ya je ya ƙirga malamai, ya tambayi dalilin da ya sa rufi bai gyaru ba, ya kai yaransa filin wasan unguwa da kasuwar gari su cuɗanya da tsaransu. Zauren da ya iya tara kuɗin walimar tsofaffin ɗalibai zai iya tara kuɗin benci.