Arahar Magani: Alheri Ce Ko Dabarar Ciniki?

A zamanin mulkin Turawa, in mutum ya buɗe jaridun manyan garuruwan bakin teku, ya kan tarar da tallar masu kantin magani. Wani ya kan ce shi ba ya sarin kaya a hannun kowa cikin ƙasar nan, daga wurin masu yin maganin can Ingila a ke aiko masa kai tsaye, saboda haka kayansa sun fi na kowa araha. To, ga tambayar da mu ke so 'yan makaranta su yi tunani a kanta. Mai yin haka alheri ya yi wa jama'a, ko kuwa dabarar ciniki ce kurum? Waɗanda ya tsallake kuma, watau masu shiga tsakani, ashe dā zalunci su ke yi?

Bari mu fara da bin sawun kwalbar magani guda. An yi ta a Ingila, wani attajiri na Libaful ya saya, ya sa ta a jirgin ruwa na kamfanin Elder Dempster zuwa Ikko. A can aka biya kwastan, ta shiga sito na wani babban kamfani, irin su John Holt, ko U.A.C. wanda aka kafa a 1929. Daga nan ta hau jirgin ƙasa, wanda hanyarsa ta iso Kano a 1911. Mai kanti ya sara, ɗan koli ya sara a wurin mai kanti, sa'an nan ta isa hannun wani tsoho a ƙauye wanda jikansa ke kwance da zazzaɓi.

Yanzu ku ɗauko allo mu yi lissafi da kuɗin wancan zamani, lokacin da kwabo 12 ke sule, sule 20 ke fam. Wannan misali ne kawai irin na aji. A ce kwalbar sule 5 ce a inda aka yi ta. Attajirin Libaful ya ɗora sule 1, jirgin ruwa da kwastan sule 1, babban kamfani sule 2, jirgin ƙasa sule 1, mai kanti sule 2. Ta zama sule 12 ke nan tun ɗan koli bai taɓa ta ba. Amma wanda ya aika kai tsaye, sule 5 da kuɗin jirage biyu da kwastan kaɗai zai biya, watau sule 7. In ya ɗora ribarsa sule 2, sai ya sayar a sule 9. Sauran sule 3 fa? A nan dukan maganar ta ke. Yana iya bar wa majinyaci su, yana kuma iya rage sisi kaɗai, ya yi ta shelar araha, ya zuba sauran a aljihu.

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu ji ta bakin mai shiga tsakani, gama ba a yanke wa mutum shari'a a bayan idonsa. Mu Hausawa mun san dillali tun kaka da kakanni. Shi ke saukar da fatake, ya tsare musu kaya, ya samo mai saye, ya tsaya a kan bashi, sa'an nan ya karɓi la'adarsa, ba kuwa mai cewa ya ci haram. Haka babban kamfani. Shi ke fid da kuɗi watanni kafin kaya su iso. In kwalabe sun fashe a hanya, hasararsa ce. In zafi ya lalata magani a sito, shi ke ɗauka. Shi ke ba ƙaramin mai kanti kaya bashi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Saboda haka ribar da ta tsaya daidai da wahala ba zalunci ba ce. Zaluncin yana farawa ne daga inda hannu ya karɓi kuɗi alhali bai ƙara wa kayan kome ba, sai dai don ya tare hanya.

Amma fa magani ba kamar atamfa ba ne. Mai sayen atamfa yana taya, in an ƙi ya yi gaba, ya dawo wata kasuwar. Yana kuma murza ta da yatsa ya san mai kyau. Mai sayen magani kuwa bai da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba shi da ikon jira, don ciwo ba ya jira. Ba shi kuma da ikon gane abin da ke cikin kwalba, don farin gari duk kamarsu ɗaya. Ya zo a matse, ya kuma zo a makance. Wanda ke ciniki da mutum mai irin wannan hali, amana ce ya ke riƙe da ita, ba ciniki kaɗai ba.

Saboda haka mu a ganinmu, mai shigo da magani kai tsaye yana cancantar yabo ne in ya cika sharaɗi biyu. Na farko, sauƙin da ya samu ya kai ga majinyaci da gaske. Ba mu ce kada ya ci riba ba, don kantin da ba riba rufewa zai yi, garin kuwa ya rasa magani ɗungum. Amma in ya kori hannuwa uku ya haɗiye rabonsu shi kaɗai, bai kawar da dillali ba, shi ne ya zama babban dillali.

Na biyu, ya ɗauki nauyin da waɗancan ke ɗauka, har ma da ƙari. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Lalle ya san wanda ya yi maganin, ya san yadda a ke ajiye shi, ya kuma yarda ya zubar da wanda ya lalace ko da hasarar ta yi masa ciwo. Don irin wannan sani aka buɗe makarantar koyon haɗa magunguna a Zariya a 1930. In babu wannan, araha ba ta ado. Ku tuna abin da ya faru a Nijeriya a 1990, sa'ad da yara fiye da 100 suka mutu bayan sun sha maganin zazzaɓi na ruwa, saboda wani ruwa mai guba ya shiga cikinsa a maimakon ruwan da ya kamata a haɗa shi da shi. A 1993 aka kafa hukumar NAFDAC don tsare ingancin abinci da magunguna. A nan mu ke ganin babban amfanin gajeruwar hanya. Kayan da suka bi hannu goma, in sun yi ɓarna, kowa sai ya nuna na bayansa. Kayan da suka bi hannu biyu kuwa, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Kada kuma mu ɗauka mai kanti guda yana iya gyara duniya. Ku dubi kwinin, babban maganin zazzaɓin sauro na wancan zamani. Kusan dukansa daga ɓawon itacen da a ke nomawa a tsibirin Jawa ya ke fitowa, Turawan Holan kuwa suka haɗa kai tun 1913 suna tsai da kuɗinsa. Kome kai tsayen mai kanti, a hannunsu zai saya. Da Japan ta ci Jawa a 1942, sai kwinin ya yi wuya a ko'ina. A lokacin yaƙin nan kuma gwamnati ta riƙa ba da iznin shigo da kaya gwargwadon abin da kowane kamfani ya saba shigowa da shi kafin yaƙi, watau manya suka ƙara ƙarfi, ƙanana aka rufe musu ƙofa. Tsadar kaya ta kai har a Janairun 1948 mutanen Ankara ta ƙasar Gwalkwas, wadda yau a ke kira Ghana, suka ƙaurace wa kantunan Turawa, bisa jagorancin wani basarake, Nii Kwabena Bonne. Ashe arahar magani tana bukatar mai kanti na kirki, tana kuma bukatar doka mai adalci.

To, mene ne amsar tambayarmu? Alheri da ciniki suna iya zama a kanti ɗaya. Ba mu da ikon leƙa zuciyar mai kanti, amma muna da ikon duba abin da majinyaci ya biya da abin da ya sha. In ya biya kaɗan ya sha mai kyau, mai kanti ya yi alheri, ko da neman suna ya sa shi.

Ku 'yan makaranta, cikinku akwai waɗanda za su tsaya bayan teburin kantin magani, akwai masu aikin kwastan, akwai masu sa hannu a takardar izni. Ran da sule 3 ɗin nan suka faɗo hannunku, ba malamin da zai duba muku lissafi. Ku tuna da tsohon nan na ƙauye, wanda ya sayar da akuyarsa ya zo, ku yi masa hukuncin da za ku so a yi wa mahaifinku.