Shin Gani Ya Kori Ji?

Hausawa na cewa gani ya kori ji, watau abin da mutum ya gani da idonsa ya wuce gardama. Ni ma haka na ɗauka, har ran da na tsimi kuɗin guzurina na sayi wani ɗan madubin hangen nesa na hannu, mai ƙafa uku masu rawa.

Daren farko, cikin hunturu, na hau soron gidanmu a birnin Kano ina ɗoki, amma na sauko gwiwa a sanyaye. Hazo da hasken fitilun gari sun dusashe sama, taurarin da na samu kuwa suna nan ɗigo-ɗigo kamar yadda na san su. Na ce lalle an cuce ni. Sai a dare na huɗu, da aka ɗauke wuta a unguwarmu, na zauna cikin duhu kamar minti 20 har idona ya saba, sannan na gane ashe rabin laifin nawa ne.

Na auna Zara, wadda muke kira matar wata, sai na gan ta a tsage kamar rabin wata, domin ita duniya ce mai aron hasken rana. Na juya ga Mushtari, na ga ɗigo huɗu a jere kusa da shi, kashegari kuma sun sake wuri. Watanninsa ne, waɗanda Galiliyo ya hango a Italiya a 1610. Kaza da 'ya'yanta kuwa, da ido ke ƙirga shida ko bakwai, sai ga su birjik, masana ma sun ce sun haura 1,000.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda na karanta daga baya. Hasken rana kan yi minti 8 kafin ya iso gare mu, na Kaza da 'ya'yanta kuwa ya fi shekara 400 a hanya. Ashe abin da nake kira gani, tsohon labari ne haske ya kawo mini. To, ina bambancinsa da ji?

Wannan ya tuna mini da wani abokina da muka zauna ɗaki ɗaya a shekararmu ta farko. Na shigo na tarar da hannunsa cikin akwatina, ban tambaye shi dalili ba, na yanke gaisuwa da shi, domin ai na gani da idona. Shekara biyu ke nan ina kallonsa da hasken wannan rana guda.

Wani zai ce, in ba mu amince da ido ba, da me za mu amince? Gaskiya ne, ni ma da ido na gyara kuskuren ido. Sai dai gyaran bai samu ba sai da na yi haƙuri, na sake dubawa, na kuma saurari waɗanda suka riga ni sani. A ganina, 'yan'uwa ɗalibai, gani da ji abokan tafiya ne, wanda ya kori ɗaya ya rage wa kansa shaida.

Madubin yana nan jingine a bayan ƙofa. Abokin nawa kuwa, gobe in Allah ya kai mu zan je in ji ta bakinsa.