Yaushe Makaɗi Zai Ajiye Kayan Kiɗansa?

Karatu: 2 Sama'ila 19:31-39, Littafin Lissafi 8:23-26.

A ƙasashen Turawa akwai manyan ƙungiyoyin makaɗa, inda mutum tamanin ko ɗari sukan zauna tare, masu goge da masu busa da masu ganga, dukansu suna bin hannun shugaba ɗaya. Idan kunnen mutum ɗaya ya yi nauyi, ko yatsunsa suka yi sanyi, sai ya ɓata wa sauran aikinsu. Saboda haka kowane tsoho a cikinsu yakan tambayi kansa ko lokacin sauka ya yi.

Stanley Drucker ya shiga ƙungiyar birnin New York a 1948, yana busa irin sarewar da ake kira kilarinet. Ya yi shekara 61, kāna ya sauka a 2009 yana da shekara 80. Jane Little kuwa ta kaɗa babban goge a ƙungiyar Atlanta shekara 71. A 2016 ta faɗi ana cikin wasa, ta rasu ran nan. Ba namu ba ne mu shar'anta su, gama ƙarfin kowa dabam ne.

Amma Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu ba. Sa'anda Dawuda ya komo bayan tawayen Absalom, ya gayyaci Barzillai, wanda ya ciyar da shi a Mahanayim, su tafi Urushalima tare. Tsohon yana da shekara 80. Ya gaya wa sarki a fili cewa kunnensa ba ya rarrabe muryar mawaƙa kuma, ba ya so ya zama kaya a wuyansa. Sai ya miƙa Kimham a madadinsa. Ku lura, ba a kore shi ba. Shi da kansa ya auna ƙarfinsa, ya faɗi gaskiya, ya kuwa riga ya san wanda zai tura. Dawuda ya sumbace shi, ya sa masa albarka.

Haka kuma shari'ar Musa ta ce Balawi ya bar aiki mai nauyi a shekara 50, amma ya riƙa taimakon 'yan'uwansa wajen tsaro. Ashe, wanda ya sauka bai fita daga hidima ba, wurin tsayawarsa kaɗai ya sāke.

To, ɗan'uwa mai goge, 'yar'uwa mai jan waƙa cikin ikkilisiya, ku gwada kanku. Shekaru kaɗai ba su isa dalili ba. Idan kunne yana ji, hannu yana bi, ku ci gaba da murna. Amma idan abokai suna rufa muku asiri kowace Lahadi, suna jin nauyin faɗa muku, ku tambaye su, ku karɓi amsarsu ba da fushi ba. Idan tsoron a manta da ku ne ya riƙe ku a kujera, ku kai wannan tsoro gaban Ubangiji, gama shi ba ya mantuwa. Ku nemi Kimham naku tun yau, ku koya masa da sauran ƙarfinku.

Allah ya ba mu hikimar sanin lokacinmu. Amin.