Nauyin Sa da Faɗuwar Ɗan Kokowa

A Ɗan Barto, garin bakin iyaka da ke kudu da Matameye kan hanyar Daura, kowa ya san farashi magana yake yi. Ɗan canjin da ke zaune da damin naira da sefa ba ya jiran sanarwar banki. Abin da ya ji jiya da abin da yake tsammani gobe su ne ke fitowa a kuɗin da ya yanka yau. Haka kuma in lokacin gasar Takobin Ƙasa ya kewayo, fadojin samari kan cika da gardama a gindin butar shayi: wa zai kayar, wa zai sha ƙasa? Tun 1975 da aka buɗe wannan gasa a Tahoua, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, hasashen zakara ya zama rabin daɗin kokowa. To, me zai faru ran da aka haɗa sana'ar ɗan canji da gardamar fada, aka sa wa hasashe farashi?

A Amurka an riga an haɗa su. Akwai dandalin intanet da ake kira kasuwannin hasashe, irin su Polymarket da aka kafa a 2020, da Kalshi da ya shiga harkar wasanni a 2025. A can ana cinikin alkawari ne kan abin da bai auku ba, misali ƙungiyar da za ta lashe World Series, babbar gasar besbol, wasan da ake dukan ƙwallo da kulki. Takardar alkawari kan biya dalar Amurka ɗaya in abin ya tabbata, in bai tabbata ba ta zama banza. Idan ana sayenta kan santi 60, sai a ce kasuwa ta ba ƙungiyar kashi 60 cikin 100 na nasara. Farashin kan hau ya sauka tun ana cikin wasa.

Masu kare wannan ciniki sun ce hanya ce ta tattara ilmin jama'a, domin mai fatar baki ba ya asarar komai, amma wanda ya sa kuɗinsa dole ya auna maganarsa. Sukan kafa hujja da abin da masani Francis Galton ya gani a wata kasuwar baje kolin dabbobi a Plymouth ta Ingila a 1906. Mutane kusan 800 suka ƙiyasta nauyin naman wani sa, sai ga shi ƙiyasin da ya faɗo a tsakiya ya kuskure da kilo 4 kacal cikin kilo sama da 540. Duk dillalin shanu zai yarda da wannan: ido da yawa ya fi ido ɗaya gani.

Sai dai akwai inda misalin ya yi tuntuɓe. Sa ba ya jin abin da ake faɗa a kansa, kuma ƙiyasi ba ya ƙara masa tsoka ko ya rage. Ɗan wasa kuwa mutum ne, yana da kunne, yana da iyali, wataƙila yana da bashi. Ma'aunin da aka kafa don a auna shi yana iya miƙa hannu ya taɓa shi. Besbol ɗin kansa ya ɗanɗana wannan: a gasar 1919 an zargi ƴan wasa 8 na Chicago White Sox da haɗa baki da ƴan caca don su faɗi a hannun Cincinnati Reds. Kotu ta sallame su a 1921, amma shugaban wasan, Kenesaw Mountain Landis, ya haramta musu fili. Ya gane cewa ran da ƴan kallo suka fara shakkar ko faɗuwa ta gaskiya ce, wasa ya mutu ko da fili cike yake.

Abu na biyu shi ne inda ribar take fitowa. Manomin da ya sayar da buhun wake ya miƙa wake, ɗan canji ya miƙa kuɗin da matafiyi ke buƙata. A cinikin alkawari kuwa, abin da wannan ya ci shi ne abin da wancan ya rasa, kamar yadda yake a rumfunan PMU inda ake zuba kuɗi kan dawakin da ke sukuwa a Faransa. Canza suna ba ya canza wannan lissafi. Alƙur'ani, a aya ta 219 ta suratul Baƙara, bai musanta cewa caca tana da ɗan amfani ba, amma ya hukunta cewa laifinta ya rinjayi amfaninta, sannan aya ta 90 ta suratul Ma'ida ta yi umurni da a nisance ta. Ilmin da farashi ke bayarwa yana iya zama irin wancan ɗan amfani. Ba ya wanke hanyar da aka bi aka samo shi.

A filin kokowa ma kuɗi na yawo, amma ta wata fuska. Kyautar da ake yi wa wanda ya yi kaye, da wadda ake yi wa makaɗinsa, tana zuwa ne bayan an ga gumi, kuma tana ƙara wa mutum ƙwazon cin nasara. Kuɗin alkawari kan zo tun kafin a kama, kuma rabinsa addu'ar faɗuwar wani yake yi. Ƴan kokowa 80 ne jihohi 8 ke turowa gasar takobi, mutum ɗaya ke komawa gida da shi. Sauran 79 ba su da takobin sayarwa, amma kowannensu yana da faɗuwar da za a iya taya masa.

Wayar salula ta rage nisan da ke tsakanin New York da Ɗan Barto, don haka maganar ta shafi malamin makaranta da ƙungiyar raya al'adu tun yanzu. Lissafin yiwuwar abu ilmi ne mai kyau, ya dace yaro ya koye shi a aji, ya san cewa kashi 60 cikin 100 ba tabbas ba ne. Gardamar fada ma ba ta da aibu: wanda zakaransa ya sha ƙasa, iyakarsa ya sha tsiyar abokai ya saye musu sukarin shayi. Iyakar da ya kamata a tsare ita ce wadda ke tsakanin faɗin wanda zai yi nasara da samun riba a faɗuwar wani. Muddin ba a ƙetare ta ba, in gwiwar ɗan kokowa ta taɓa ƙasa, ƴan kallo za su tashi da sanin cewa ƙarfi aka fi shi.