Fi'ili Mai Illa: Shin Saɓa wa Ma'auni Cuta Ce?

A zaurukan malamai na ƙasar Bichi, Dambatta da Minjibir, inda karatu kan kankama bayan an kai amfanin gona rumbu, ɗalibin da ya isa ilimin sarfu, wato sanin yadda ake jujjuya kalmar Larabci, yakan tarar an kasa fi'ilai gida biyu: sahihi, ma'ana lafiyayye, da mu'utalli, ma'ana mai illa ko ciwo, wanda wawu ko ya'u ya shiga cikin haruffansa na asali. A kan wannan rabo ake karanta Lamiyyatul Af'al ta Ibn Malik, wanda ya rasu a 1274, da Hisnur Rasin na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Faransawa kuwa suna kiran fi'ilin da ya bauɗe irrégulier, daga regula ta Latin, sandar da ake ja layi da ita. A duka biyun an fara kafa ma'auni, sannan aka ɗora wa abin da ya ƙi hawansa sunan aibi.

Tambayar ita ce wanne ne ya riga wani, ma'aunin ko maganar. Masu sarfu suna cewa asalin fi'ilin ƙala shi ne ƙawala, sai wawu ya rikiɗa alifi saboda yana da wasali kuma fataha ta gabace shi, wanda ke nuna cewa ita kanta illar tana da dokarta. Ibn Jinni, wanda ya rasu a 1002, ya ƙara zurfafawa a littafinsa Khasa'is, inda ya bayyana cewa irin wannan asali ƙaddarawa ce ta malamai, ba wai an yi wani zamani da Larabawa ke furta shi ba.

Abin lura kuma shi ne, fi'ilan da suka fi bauɗewa su ne aka fi amfani da su: ƙala da kana suna cikin waɗanda suka fi maimaituwa a Alƙur'ani, haka ci, sha da zo ba su zauna daidai cikin azuzuwan aikatau bakwai da masanin harshe Parsons ya tsara wa Hausa a 1960 ba. Ba ya yiwuwa a jingina naƙasa ga lafazin da wahayi ya fi yawaita shi. Saboda haka illa a nan sunan fanni ne da aka sa don sauƙaƙa koyarwa, kuma ya kamata malamin zaure ya faɗa wa ɗalibinsa hakan tun ranar da ya fara biya masa babin.