Haƙƙin Wanda Ba Ya Wurin

Tun zamanin kakanni ba a saba tambayar mai fita neman ilmi dalilin fitarsa ba. Almajiri ya kan ɗauki allonsa da buzunsa ya nufi gabas, ya yi shekaru ya komo, kowa ya san abin da ya tafi nema. Da boko ya zo, shi ma ba a daɗe ba aka gane inda ya dosa: wannan ya zama likita, wancan alƙali, wancan malamin makaranta. Amma a yanzu akwai wani fanni da samari ke shiga bayan sun gama digiri na farko sun yi hidimar ƙasa, ana ce da shi ilmin raya ƙasa mai ɗorewa, wanda in an tambayi mai yinsa abin da zai zama in ya ƙare, sai ya yi ta kame-kame.

A ɗauki misalin wani saurayi na Burumburum, can kudancin ƙasar Kano, wajen Tudun Wada da Doguwa. Mahaifinsa manomi ne, ya sayar da masara buhu bayan buhu, har da bijimin huɗa, kafin yaron ya sami takardarsa ta farko. Ana sa ran ya kama aiki ya ɗauke wa gida nauyi, sai ya zo ya durƙusa ya ce yana neman izni ya koma Kano ya ƙara shekara biyu, ya yi digiri na biyu. Tsohon ya tambaye shi abin da za a koya masa. Ya ce, "Baba, yadda za a ci amfanin ƙasa ba tare da an kashe ta ba." Tsohon ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Gonar nan ta ci da kakanka, ta ci da ni, ga ta tana ci da kai. A wace makaranta aka koya mana?"

Wannan tambaya ba ta jahilci ba ce, kuma duk malamin da ya raina ta bai san fanninsa ba. Sunan ne sabo. Ya bazu a duniya cikin 1987, sa'ad da wani kwamiti na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norway ta shugabanta, ya fitar da rahoto yana kira ga mutanen yau su biya bukatunsu ta hanyar da ba za ta hana na gobe biyan nasu ba. Cikin 2015 Majalisar ta tsara muradai 17 a kan wannan, ta sa musu wa'adin 2030. Amma aikin kansa ya girmi sunan nesa ba kusa ba. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya daga 1962, daga baya ya koma Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana bin gonakin karkarar Kano. Ya ga yadda a ke noma fili ɗaya kowace damina ba hutu, ƙasar kuwa ba ta mutu ba, domin ana kai mata taki a kan jakai, ana haɗa gero da wake, ana barin gawo da ɗorawa a tsaye cikin gona. Abin da manoma su ka sani a hannu shi ya rubuta a takarda, jami'o'i su ka ɗauka suna karantarwa. Ashe tsohon Burumburum yana da gaskiya: rabin abin da za a sayar wa ɗansa, daga irin gonarsa aka samo shi.

To, sauran rabin fa? Sanin manomi yana da zurfi, amma iyakarsa iyakar gonarsa. Ya san abin da ya faru a filinsa shekara hamsin, bai san abin da ruwan da ya ratsa ta bayan filin zai yi a wani gari mai nisan kwana da kwanaki ba. A dā wannan bai dami kowa ba, domin ba mai ikon tare kogi. Yanzu kuwa an tare.

Ruwan da ke sauka a tuddan kudancin Kano, ya bi ta Dajin Falgore, shi ne Kogin Kano. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka datse shi a Tiga, wajen Bebeji, aka gama aikin cikin 1974, daidai lokacin da mutane ba su gama farfaɗowa daga farin 1973 ba. Ba mai hankalin da zai ce ba a yi alheri ba. Wanda ya bi hanyar Zariya da rani ya ga Kadawa da Kura kore shar da shinkafa da alkama da tumatir, ya ga kuma birnin Kano na shan ruwan, ya san an ceci rayuka. Sai dai kogin nan ba a Kura ya ke ƙarewa ba. Yana haɗuwa da Calawa, wanda shi ma aka datse cikin 1992, su zama Kogin Haɗeja, su malala cikin fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru. Mutanen can sun dogara ga ambaliyar damina: ita ke shayar da shinkafarsu, ita ke kawo kifi, in ta janye ta bar danshin da a ke shuka a kai da ciyawar da Fulani ke kora shanu su ci. Da aka tare ruwan, ga kuma ƙarancin damuna na waɗannan shekaru, ambaliyar ta ragu. Ruwan da a ke saki da rani kuma ya hana magudanai bushewa, ciyawar kacalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki. Daga baya masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, su ka yi lissafi, su ka ce in an haɗa kifi da itace da amfanin gona, ruwan ya fi riba in an bar shi ya kai fadamun bisa a tsare shi a sama.

Abin lura a nan shi ne, ba wanda ya yi nufin mugunta. Manomin Kura bai taɓa ganin masuncin Nguru ba, balle ya cuce shi da gangan. Duk da haka an shiga haƙƙinsa. A shari'a alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin kowane ɓangare, amma a sha'anin ruwa da daji da ƙasar noma, wanda abin zai fi shafa yawanci ba ya wurin: ko dai yana can nesa a ƙarshen kogi, ko kuwa ba a ma haife shi ba tukuna. Ba shi da bakin magana ranar da a ke zana taswirar madatsa. Dole sai an sami wanda ya koyi auna ruwa, da lissafin riba da hasara, da karanta hoton ƙasa da a ke ɗauka daga sama, ya tsaya a madadinsa. Wannan ne kaɗai ya isa ya zama hujjar sayar da wani bijimin. Domin irin wannan aiki ne Jami'ar Bayero ta kafa cibiyar nazarin noma a busassun ƙasashe cikin 2012, inda a ke ba da digiri na biyu da na uku.

Amma fa takarda ba ta sa mutum ya zama wakilin kowa. Hanyar da ta fi sauƙi ga mai wannan digiri ita ce ta Abuja: ofis mai sanyi, taro a otal, rahoto da Turanci wanda masu ba da kuɗi za su karanta su ajiye. Ba laifi ba ne mutum ya nemi abinci, kuma iyayen da su ka sayar da masara suna da nasu haƙƙin a kan albashinsa. Laifin yana inda mutum ya mai da talaucin garinsu jarinsa, yana ambaton manoma a kowane shafi, alhali ya shekara biyar bai zauna a tabarma ɗaya da su ba. Irin wannan ya karɓi kuɗin wakilci, bai yi wakilcin ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan wuya, wanda ba a faɗa wa ɗalibi ranar da ya ke cika takardar shiga. Ɗan Burumburum mutumin saman kogi ne. Gawayin da a ke jerawa buhu-buhu a bakin hanyar Jos ba daga sama ya faɗo ba, itatuwa aka sare. In an sare su ruwa ya kwashe ƙasa, laka ta gangara ta kwanta a Tiga, madatsar ta rage ɗaukar ruwa. Masu saran nan ba baƙi ba ne, 'yan'uwansa ne da abokan wasansa, waɗansu ma da kuɗin gawayin su ka taimaka aka biya masa makaranta. In ilminsa na gaskiya ne, wata rana zai kai shi ƙofar gidan dagaci ya faɗi wannan da Hausa, a gaban kawunnansa, a madadin mutanen da ba su san sunansa ba, ba su kuwa taɓa ba shi ko ƙwayar hatsi ba. Dattawa za su saurare shi har ya gama, domin mutanen karkara ba su katse mai magana. Sa'an nan ɗayansu zai gyara zama ya ce, "Mun ji, ɗana. To, in mun bar gawayin, me yara za su ci daga nan zuwa kaka?"