Kafin ka yi sowar an ci gari

Habibu ɗana. Ba faɗa zan yi maka ba, ka wuce shekarun jan kunne. Labari dai ya iske ni cewa a majalisarku ta wurin mai shayi kun rabu gida biyu a kan yaƙin Rasha da Yukren, kai ne kuma mai riƙe musu taswira a waya. Duk daren da aka ce wani gari ya faɗi, sai ɓangare ɗaya ya kaure da sowa, ɗayan ya yi tsuru-tsuru, har da biyan kuɗin shayi ga waɗanda nasu suka sha kashi. Wato kun mai da abin gidan kallon ƙwallo. Bin labaran duniya ba laifi ba ne, na fi son in gan ka a kansa da in gan ka a kan abin da wasu sa'o'inka suke yi. Sowar ce ba ta yi mini daɗi ba, sai kuma yadda ka ɗauki jan launin nan na kan taswira kamar shi ne yaƙin.

Mu bi abin a hankali. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 sojojin Rasha suka kutsa ta arewa da gabas da kudu. Tun a ranar farko jirage masu saukar ungulu suka sauke dakaru a filin jirgin Hostomel, dab da Kiyef, ba a jima ba kuma ga ayarin motocin yaƙi mai tsawon kusan kilomita 60 ya doso babban birnin. Wanda ya dubi taswira a makon nan zai rantse an gama. Amma ayarin cijewa ya yi a hanya. Mai ya yi ƙaranci, abinci haka, an karya gadoji, gefen titi kuma laka ce da ba ta barin mota mai nauyi ta ratse. Zuwa farkon Afrilu sun tattara nasu ya nasu sun fice daga yankunan Kiyef da Chernihiv da Sumy. A watan Satumba sai reshe ya juye da mujiya a yankin Kharkiv, inda 'yan Yukren suka lura Rasha ta rage sojoji a wurin, suka ɓarke layin, cikin 'yan kwanaki suka karɓe Balakliya da Izium da yawancin Kupiansk.

Na Kherson ya fi dacewa ka tsaya a kansa. Shi kaɗai ne babban birnin lardi da Rasha ta kama tun fara wannan mamaya, kuma a ƙarshen Satumba Shugaba Putin ya sa hannu cewa lardin ya zama ƙasar Rasha. Makonni shida bayan haka sojojinsa suka bar birnin. Ba a yi wani gumurzu gida-gida a cikinsa ba. Birnin yana gaɓar yamma ta kogin Dnipro, duk harsashi da burodi da man da sojan Rasha zai yi amfani da su sai sun tsallako ruwa, 'yan Yukren kuwa suka yi ta dukan gadar Antonivsky da rokokin HIMARS da Amurka ta ba su har ta daina ɗaukar manyan motoci. Janar Surovikin ya fito a talabijin ya ce ba za a iya ci gaba da kai wa dakarun kaya ba, a ja da baya. Kafin layin ya motsa a wayarka, an yi watanni ana yanke masa jijiya inda taswira ba ta nunawa. Mutanen Kherson sun fito da tutoci suna murna, gaskiya ne, amma tun daga ranar igwa take sauka a kansu daga ƙetaren kogin. Wannan ma babu launin da ke nuna shi.

Daga nan yaƙin ya canza kama. Fagen daga mai tsawon fiye da kilomita 1,000 ya daskare, kowa ya haƙa rami ya shige. An ce ranar da Bakhmut ya faɗi har zagaye unguwa kuka yi da babur kuna oda. To, me aka ci a Bakhmut? Gari ne da yake da mutum wajen 70,000 kafin yaƙi, an san shi da gishiri da masana'antar giya. An fara gwabzawa a kansa tun wajen Agustan 2022, ba a gama ba sai Mayun 2023. A ɓangaren Rasha sojojin hayar Wagner ne a gaba, shugabansu Prigozhin kuwa gidajen yari ya bi yana ɗibar fursunoni da alkawarin wanda ya yi wata shida da rai an yafe masa. Da bakinsa ya ce ya rasa mutum kimanin 20,000 a wannan gari ɗaya, kusan rabinsu fursunonin nan ne. A cikin waɗanda Wagner ta ɗiba daga kurkuku har da wani ɗalibi ɗan Zambiya da ya je Rasha karatu, gawarsa aka mayar wa iyayensa. 'Yan Yukren su ma sun zubar da ƙwararrun sojojinsu a wurin, waɗanda suka nema daga baya ba su samu ba. Da ƙura ta lafa, babu gida ɗaya mai rufin kirki, kufai aka kafa wa tuta. Garin da ke gaba, Chasiv Yar, bai fi kilomita goma da 'yan kai ba daga nan, amma Rasha ba ta yi iƙirarin kama shi ba sai ƙarshen Yulin 2025. Lissafa da kanka. Shi Prigozhin ɗin ko wata huɗu bai ƙara ba a duniya bayan faɗuwar Bakhmut: ya yi wa gwamnatinsa bore a Yunin 2023, jirginsa ya faɗo a Agusta.

Kada abokan adawarka su ce na goyi bayansu, su ma sun sha tasu kunyar. A Yunin 2023 aka yi ta kururuwar babban farmakin Yukren, ga tankokin Leopard na Jamus, ga motocin Bradley na Amurka, wai za a ratsa lardin Zaporizhzhia a kai Melitopol, a dangana da tekun Azov, a raba sojojin Rasha biyu. Rashawa kuwa sun shafe hunturu suna shiri: ramuka layi-layi, tubalan kankare masu tsini don tare tanka, da gonaki da aka shuka wa nakiya har ba wurin taka ƙafa. Motar share nakiya tana gaba, sauran suna bin sawunta a jere, da an buge ta gaban sai duk ayarin ya tsaya a fili, igwa da jirage su yi ta ɗauki ɗai-ɗai. Ƙarshenta sojojin suka sauka suka koma tafiyar ƙasa, daga wannan jerin bishiyoyi zuwa wancan. Abin da aka samu shi ne ƙauyen Robotyne, mai mutum 'yan ɗaruruwa, ko garin Tokmak ba a kai ba, balle Melitopol. A 2024 Rashawa suka sake komawa cikin kangon.

Yanzu bari in nuna maka abin da ke ƙarƙashin siririn layin nan da kake jan yatsa a kai. Ƙananan jirage marasa matuƙa sun cika sama, masu leƙen asiri da masu ɗauke da bam, wasu ma da zaren waya siriri kamar gashi ake sarrafa su don kada a toshe musu sigina. Duk abin da ya motsa a tazarar kilomita goma ko fiye daga bakin daga, ana ganinsa. Saboda haka mota ba ta kai soja bakin raminsa. A nesa ake sauke shi, ya ɗauki ruwansa da harsasansa a baya, ya taka da ƙafa cikin duhu ko hazo, yana kasa kunne ga ƙugin da ke sama. Idan ya isa, ramin bai wuce na mutum uku ko huɗu ba, kuma yana iya yin makonni, wani lokaci watanni, ba a canje shi ba, domin hanyar fita ta fi zaman haɗari. Ruwan sha da sigari ta sama ake jefo masa. In ya ji rauni a ƙafa, raunin da asibiti zai gyara cikin awa guda, sai ya ɗaure jijiyar ya jira dare, ko dare biyu, ƙafar ta mutu a jikinsa. Hanyoyin da ke baya har raga ake yi musu kamar rumfa saboda jiragen. Masu kai hari kuma sun daina zuwa da yawa, bibbiyu ko uku-uku suke lallaɓawa, wasu a kan babur, su shige wani gidan ƙasa su laɓe. Idan biyu daga cikin goma suka kai, suka ɗaga tuta aka ɗauki hoto, washegari sai ka ga an shafa wa ƙauyen launi. Takwas ɗin da suka rage a gona ba sa cikin hoton.

Shi ya sa ma masu zana taswirar, na kirkinsu, suke barin wani yanki da launin toka, ma'ana ba a san mai shi ba. Kowane ɓangare kuma yana da dalilin yin ƙari. Kwamandan da ya ce ya kama ƙauye yana neman lambar yabo, wanda aka ƙwace wa yana jinkirta faɗa don kada a tsige shi. A Agustan 2024 'yan Yukren suka tsallaka cikin Rasha kanta, suka kama Sudzha da ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000 a lardin Kursk, masoyansu suka yi ta tsalle. Zuwa Maris ɗin 2025 an fitar da su daga Sudzha, da taimakon sojojin Koriya ta Arewa, bayan an datse hanyar da ke kai musu kaya.

Mu da muka manyanta mun ga irin wannan tun ana jin sa a rediyo. Iraƙi ta afka wa Iran a Satumban 1980 ta kama Khorramshahr, Iran ta ƙwato shi a 1982. Iran ta kama yankin Faw a 1986, Iraƙi ta karɓe abinta a 1988. A lokacin ma majalisu sun rabu, ana musu har jijiyar wuya. Shekara takwas, rayuka dubu ɗaruruwa, aka tsagaita wuta kowa yana kan iyakar da ya fara. Habasha da Eritiriya kuma a kan Badme suka kaure a 1998, wani ɗan gari a busasshiyar ƙasa. Habasha ta karɓe shi da ƙarfin bindiga a 1999, mutum dubbai goma-goma suka halaka, sannan a 2002 hukumar shata iyaka ta zauna a Hague ta ce na Eritiriya ne.

Ban ce kada ka yi ra'ayi ba. Ni ma ina da nawa, ba na ɓoye shi: wanda ya tsallaka iyakar maƙwabcinsa da tankoki shi ya tsokano, ko da kuwa yana da ƙorafin da zai faɗa a kan NATO. Kai kana iya ganin akasin haka, mu yi musu in ka zo. Amma idan ka ji an ce gari ya faɗi, tambayi wace hanya ko wane layin dogo ya bi ta cikinsa, mutum nawa aka kashe a kansa, kuma wa zai iya maye gurbin waɗanda ya rasa. A nan ake gane inda yaƙi ya dosa. Rasha ta kira mutum 300,000 a Satumban 2022, Yukren ta rage shekarun ɗaukar soja daga 27 zuwa 25 a 2024. Waɗannan sun fi sunan kowane ƙauye faɗa maka halin da ake ciki. Bidiyon nan kuma da kuke tura wa juna, na jirgi yana bin yaro yana gudu a gona har ya cim masa, an sa kiɗa a kai, don Allah ka daina turawa. Ɗan wani ne, ko da wace tuta ce a kafaɗarsa. Malamanmu sun karantar da mu cewa ko wanda yake kan gaskiya ba a so ya yi fatan gamuwa da abokin gaba, balle ɗan kallo ya yi dariyar gawa.

Saura magana ɗaya, ita ce ma ta fi damun mahaifiyarka. Ta ce akwai wani mai yi muku romon baka da aikin gadi ko tuƙi a Rasha, albashi da dala, biza cikin sauƙi. Habibu, samari daga Kenya da Afirka ta Kudu da wasu ƙasashen nahiyar nan sun tafi da irin wannan alkawari, aka miƙa musu takarda da rubutun Rashanci suka sa hannu, sai ga su cikin kaki a fagen daga a Donbas, gwamnatocinsu suka yi ta faman neman yadda za a dawo da su. Baƙon da ba ya jin yaren kwamandansa, ba shi da kowa a ƙasar da zai tambayi inda yake, ka san ba a ofis za a ajiye shi ba. Kada ka ba mutumin nan fasfonka, kada ka ba shi ko sisi. Idan ya sake zuwa, karɓi takardar da yake cewa ta aikin ce ka kawo mini ranar Juma'a bayan an sauko, mu nemi wanda ya yi karatu a can ya karanta mana ita layi-layi. Ka taho da abokan naka biyu da aka ce har sun fara tara kuɗin jirgi.